Tulun Tangaran da Aka Aiko Mini daga Sin

Ƙarshen damina ne muka tashi, gero ya sunkuyar da kai ana jiran girbi. Shekarar ruwa ya yi yawa a Daura, katangu sun zube a unguwarmu, ɗakin girkina ma ya tsage, ga tsadar abinci ta sa kowa ya yi sanyi. Ni dai ban ji ta fi na baya nauyi ba, don tun rasuwar ɗana shekarun duk kama ɗaya suke yi mini. Tun da na dawo kuwa ƙawayena na ajin yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Hajara, da gaske ne da tsinke suke cin shinkafa?" Waccan ta ce, "Kin ga kare a tukunya?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, na ce bari in zauna in rubuta, tunda Allah ya sa mun koyi riƙon biro da furfurarmu.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba kallo na je ba. Ɗana na fari, wanda nake kira Magaji saboda a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin, ya tafi koyon yin tangaran, wato faɗi-ka-mutu. Gado ne ya ja shi. Mahaifiyata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Mashi, yana yaro a gefenta yake wuni yana cuɗa yumɓu. A shekarar annobar nan da aka rufe hanyoyi ciwon ciki ya kama shi, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Abokinsa ya bugo waya ya ce an yi masa sutura. Amma shi ma abokin ji ya yi, bai gani ba, yana wani gari an hana fita.

Da hanya ta buɗe aka aiko da akwatinsa. Riguna, takalma, sallaya, sai wani ɗan tulu na tangaran, fari da zanen shuɗi, mai murfi, an liƙe bakinsa da kaki an ɗaure da jan ƙyalle. Yana da nauyi. In aka karkata shi sai a ji wani abu kamar gari yana zamewa a ciki. Wata maƙwabciyata, ba da mugun nufi ba, ta ce a hankali, "Ai an ce can ƙona mamata suke yi, su zuba tokar a irin wannan."

Limamin unguwarmu ya ce a kai shi maƙabarta a rufe yadda yake. Na ƙi, don in na yarda aka binne, na yarda ke nan an ƙona mini ɗa. Buɗewa kuma hannuna ya kasa. Na naɗe shi da farin yadi na ɗora saman kabad, bayan jeren kwanoni. Shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da shi, ban sani ba ko ɗana ne a ciki ko ba shi ba ne.

Ƙanena Isiya yana sayo kayan babur daga can. Wata rana ya shigo ya tarar ina kallon saman kabad, ya ce, "Yaya, tulun nan zai ƙarasa ki. Ko ki bari in buɗe yanzu, ko ki shirya in kai ki gun wanda ya rufe shi ki tambaye shi da bakinki."

Na ce, "Kai ni."

Shi ya yi wahalar fasfo da biza. Tulun na bar shi a gida, hotonsa kawai Isiya ya ɗauka a wayarsa.

Daga Daura muka shiga mota ta Kazaure zuwa Kano, daga nan jirgi ya kai mu Habasha, muka sake wani. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Zaman jirgi na biyun ya yi tsawo har ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Wata 'yar Habasha da ke kusa da ni ta lura, ta cire silifas daga jakarta ta miƙo mini. Ba mu jin yaren juna, sai na buɗe ƙullin dabino na ɗibar mata.

A bakin shiga ƙasar Sin, a birnin Gwangzu, abu biyu suka same ni. Akwai na'urar da ake ɗora yatsu a kai, ta ƙi karɓar nawa. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya goge yatsun, ya sake dannawa, shiru. Daga baya ya juya tafin hannuna ya duba, ya ga yadda taɓarya da wanki suka cinye zanen, ya kira wata babbarsu, suka yi 'yar magana suka buga mini hatimi. Na biyu, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Kilishi ne na ƙunso don in kai wa malamin Magaji tsaraba. Ba a shiga da nama, suka karɓe. Suka buɗe ƙullin daddawa kuma, wata ma'aikaciya ta ja da baya ta toshe hanci, ta yi mini alama da hannu in ɗaure abina in wuce. Isiya ya ce, "Kin gani, Yaya, daddawa ta fi kilishi gata."

Masaukinmu a wata unguwa ce da baƙar fata suka yi yawa, har Hausa nake jiyowa ta taga. Ɗakin ƙarami, a sama can inda in na leƙa motoci kamar tururuwa. Da safe na ga inda rana ta ɓullo, na shimfiɗa sallaya na fuskanci wajen, na rama sallolin hanya. Isiya ya shigo ya tsaya har na sallame, sannan ya ce, "Yaya, kin ba Maka baya. Nan mun wuce ta. Alƙibla yamma take." Tun ina yarinya gabas da alƙibla abu ɗaya ne a kaina. Na juya sallayar na sake daga farko, zuciyata tana cewa, ashe haka yaron nan ya yi shekaru yana kallon faɗuwar rana yana salla bai taɓa gaya mini ba.

Abinci, don na san shi kuka fi so ku ji. Ban ga kare a tukunya ba. Akwai Musulmi 'yan ƙasar, maza da farar hula, mata da ɗankwali, su ne ke da gidajen taliya masu koren allo a ƙofa. A gabanka mutum zai ja ƙullin fulawa da hannu, ya ninka, ya ja, har ya zama zare, ya jefa a romon naman sa. Tsinken cin abincin ya gagare ni, taliya ta zame ta faɗa mini a hijabi, matar mai gidan ta kawo cokali tana dariya, ta goge mini da kanta. Ruwan sha kuma da zafinsa suke ba baƙo, ko ana zufa. Mu da muke alfahari da sanyin randa.

Daga nan muka shiga jirgin ƙasa mai gudu, wanda ruwa a kofi ba ya ko motsi a cikinsa, zuwa garin da Magaji ya zauna. Sunansa Jingdezhen, harshena bai taɓa kama shi daidai ba, Garin Tangaran nake ce masa. A tasha wata yarinya ta tarbe mu, Rakiya, 'yar Damagaram, tana karatu a makarantar da ya yi. Ba ta riske shi ba, amma ta ji labarinsa, ita za ta yi mana tafinta. Ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ta ce, "Inna, sannu da hanya, ya haƙuri?"

Isiya ya ce, "'Yar Damagaram ce za ta juya mana magana? Ai sai an nemo wanda zai juya mana taki Hausar."

Ta ce, "Kawu, taku da Turanci ya cinye rabinta?"

Garin kuwa har turakun fitilun titi na tangaran ne, fari da shuɗi. Tsohon malamin da muka zo nema ya je ƙauyensu sai washegari, don haka Rakiya ta kai mu gidan da ake ajiye kayan tarihi. A nan na ga ashe abin hawa-hawa ne. Na farko tukwane ne jajaye da baƙaƙe, irin na mahaifiyata sak, har da zanen igiya a wuya, na mutanen da can da. Ƙaramar wuta ake ba su, shi ya sa suke tsattsafo da ruwa. Na biyu an ba su wuta mai ƙarfi har sun yi tauri kamar dutse, ba sa shan ruwa, wasu da kore-kore mai sanyi kamar ruwan tafki da safe. Na uku shi ne tangaran na ainihi, fari tas, wani kofin in an haska fitila ana ganin haske ta jikinsa. Rakiya ta ce fiye da shekara dubu ana wannan aiki a garin, kuma a da na sarakunansu in ya fito da ɗan aibi farfasa shi ake yi a binne, kada talaka ya ci a ciki. Abin da ya tsayar da ni wani faranti ne mai rubutun Larabci, na karanta bisimilla a jikinsa da idona. Ta ce tun zamanin da can ake yi wa Musulmi irinsa, kuma shuɗin ma da farko fatake ne ke kawo musu shi daga ƙasar Farisa.

Da muka fito muka ratsa kasuwa. A wani shago na hango jerin tuluna masu murfi, tsayinsu ɗaya da nawa. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na ce, "Rakiya, waɗannan na mene ne?"

Ta ce, "Na ganyen shayi ne, Inna. Waɗancan na citta."

Na nuna na can ƙurya, waɗanda aka ware. Na ce, "Faɗa mini, 'yata, don shi na zo."

Ta ce, "Na tokar mamata ne."

Ban ga bambancinsu da nawa ba. Na roƙi Isiya mu koma masauki, ranar ban iya cin komai ba.

Washegari muka je wurin tsohon, sunansa Liyu, a bayan gari kusa da wani rafi. Tun daga nesa nake jin daka, dum, dum, kamar gidan biki. Ashe ruwa ne ke juya wani gungume, shi kuma yana ɗaga manyan taɓare suna faɗawa cikin turame, ba hannun kowa. Tsohon siriri ne, ya ranƙwafa, hannunsa ya yi fari da ƙasa. Da Rakiya ta gaya masa ko ni wace ce, ya cire hularsa ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Matarsa ta riƙe hannuna biyu tana magana hawaye na zuba, ban nemi a juya mini ba.

Su ma kamar mu, ba a fara magana mai nauyi a tsaye. Aka zaunar da mu, aka zuba shayi a kofuna ƙanana kamar murfin kwalba, ba sukari, ana sha ana ƙarawa. Sannan ya ce sai na ga inda ɗana ya yi aiki. Na bi shi, ban yi tambayata ba tukuna. Ya nuna mini abu biyu da ake haɗawa: farar ƙasa, da wani dutse da taɓaren nan ke dakawa ya zama gari. Ya ce farar ƙasa ita ke riƙe jiki kada ya zube a wuta, dutsen shi ke narkewa ya haɗe komai ya yi sheƙi, ɗaya ba ya yi sai da ɗaya. Ya nuna mini faifan da ke juyawa ana ɗaga kwano a kai, da mai kankare shi har ya yi siriri, da mai zane. Zanen baƙi-baƙi ne kamar toka a ruwa, sai wuta ta ci shi yake komawa shuɗi. Ya nuna mini tanderun, dogo, da itacen da ake hura shi, ya ce in an rufe ƙofarsa babu wanda ya san abin da zai fito, wani ya tsage, wani ya karkace. Na ce a gaya masa haka mahaifiyata take cewa in ta tula kara a kan tukwanenta ta kunna. Ya yi murmushi ya ce ya san labarinta, Magaji ya ba shi.

A nan ne na taɓa Isiya. Ya fito da waya ya nuna masa hoton. Tsohon ya kai fuskarsa kusa, ya ga jan ƙyallen yana nan yadda ya ɗaure shi, ya dube ni ya yi tambaya. Rakiya ta ce, "Inna, wai ba ki buɗe ba?"

Na ce, "Tambaye shi, ɗana ne a ciki?"

Ta juya masa. Tsohon ya zauna a kan wani buhu kamar an tura shi. Matarsa ta dafe baki. Ya yi magana mai tsawo, Rakiya tana juyawa tana share ido.

Ya ce a'a. Farar ƙasa ce, ta ƙasarmu. Lokacin da Magaji ya zo hutu ya koma da ita, yana so ya gwada ko ƙasar gida za ta yi tangaran, don in ya gama ya dawo ya kafa nasa tanderun. Sai a lokacin na tuna. Daga wajen Ƙanƙara ya sayo ta, ni da kaina na daka masa a turmina na tankaɗe, ina yi masa tsiya wai mutane na kai tsarabar turare shi zai kai ƙasa. Tsohon ya ce kayan gwajin farko duk sun tsage. Tulun nan shi ne na ƙarshe, Magaji ya gina shi ya yi masa zane, ciwo ya kwantar da shi kafin a gasa. Bayan rasuwarsa tsohon ya sa shi a wuta, ya fito ba aibi ko ɗaya. Sai ya zuba ragowar ƙasar a ciki ya liƙe don kada ta zube a hanya. A ganinsa ƙasa ce ta uwar yaron, ya kamata ta koma gida. Bai taɓa tunanin abin da za mu ɗauka ba. Ya yi ta cewa a ba ni haƙuri.

Na ce, "To shi yana ina?"

Ya miƙe ya sa hularsa, ya ce mu tashi ya kai mu maƙabarta.

A Daura mata ba ma zuwa maƙabarta. Na dubi Isiya, ya ce, "Taho, Yaya, daga uwa duniya kika zo." Muka biya masallacin garin muka ɗauki limaminsu, dattijo mai ɗan gemu, ya yi mana sallama da Larabci tsaf. Shi ya ba mu sauran labarin a mota. Tsoho Liyu ba Musulmi ba ne, amma shi ya je ya buga ƙofar masallaci a lokacin da kowa ke tsoron kowa, ya ce ga wani yaro baƙo, ɗanku ne, kada a bari a ƙona shi. Tunda ba annobar ce ta kashe shi ba, aka ba su gawar. Liman ya ce shi ya wanke shi da hannunsa, aka sa shi a likkafani, mutum kaɗan suka yi masa salla saboda dokar lokacin.

Maƙabartar Musulmi tana gefen wani tudu mai itatuwa. Kabarin ƙasa ne, da ɗan dutse a kai, an share ciyawar gefensa, matar tsohon ce ke zuwa sharewa. Liman ya nuna mini inda kai yake da inda fuska ta kalla. Yamma. Na tuna sallayata a Gwangzu. Isiya ya ce a hankali, "Yana kallon Maka, Yaya. In kika wuce Maka kuma, Daura ce." Tsohon ya ƙara da cewa kafin a rufe ya nemi izinin liman, ya ɗebi farar ƙasar nan cikin tafinsa ya zuba a ciki, don kada yaron ya kwanta cikin baƙuwar ƙasa kaɗai.

Na durƙusa na dafa kabarin. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Na ce, "Habibu, ni ce. Na zo." Sannan na yi kukan da na hana kaina a gaban mutane ranar zaman makoki. Babu wanda ya ce in yi shiru. Liman ya yi addu'a muka shafa, tsohon da matarsa suna tsaye daga baya kansu a sunkuye.

Da za mu rabu ba ni da abin ba su, tunda kare ya tona kilishina. Na ba matar daddawar, Rakiya ta koya mata yadda ake sawa a miya. Ta sunsuna ba ta toshe hanci ba, ta ce suna da irinta ta wake, Magaji ma yana so.

Dawowa ba ta da labari, hanyar da muka bi muka sake bi. Mun iso Daura da la'asar, an girbe gero, zangarniya jibge a ƙofar gidaje. Maƙwabta suka cika gidan da barka da zuwa, har da wadda ta yi maganar toka. Na riƙe hannunta na ce, "An binne shi, na ga kabarin." Ta fashe da kuka, na ba ta haƙuri.

Washegari da na idar da sallar asuba, gari ya waye, na taka kujera na sauko da tulun. Na warware farin yadin, na fito da shi tsakar gida inda haske yake, na kalle shi sosai, abin da ban taɓa yi ba. Zanen da na ɗauka ciyawar ƙasarsu ce, ashe zangarniyar gero ce, kewaye da cikinsa. Na kwance jan ƙyallen, na kankare kakin da wuƙa, na ɗaga murfin. Gari ne fari mai ɗan duhu, da a ce na buɗe shi a wancan lokacin da na rantse toka ce. Na shafa a yatsa, laushin tankaɗena ne. Na juye shi a ƙwarya, na zuba ruwa na dama, na samo tsumma na shafe bangon ɗakina na gabas, inda nake fuskanta in zan yi salla. Bai isa bangon duka ba, ya tsaya daidai tsayina. Sannan na wanke tulun na goge, na matsar da kwanonin jere, na ajiye shi a gaba.